Gawayi a Gindin Gamba

Nana, ke kika jawo wannan babi. Ranar sunan ɗanki na ji ki da kunnena kina ce wa ƙanwar mijinki, wai ai Baba ya taɓa samun taɓin hankali, sai da aka kai shi ƙauye aka yi mishi magani. Ban tanka ba, don gida cike yake da baƙi, bakina kuma cike da naman rago. Amma maganar ta tsaya mini a rai har yau. Ba laifinki ba ne, shekararki tara lokacin, abin da kika tsinta a bakin maƙwabta shi kika riƙe. To ku matso, ke da Abdu da Ramatu, ku ji daga bakin mai ita. Ban haukace ba. An dai so in yarda na haukace, kuma saura ƙiris in yarda.

Lokacin ina koyar da ilimin ƙasar noma a jami'a. Ba zan kama sunanta ba, don gidan bai yi mini komai ba, mutum ɗaya ne ya yi, shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Zan kira shi Shef, yadda kowa ke kiran shugaban sashenmu. Ku sani tun yanzu mutumin nan ba bare ba ne gare ni. Shi ya koyar da ni tun ina ɗan ƙauyen Gangara mai wando ɗaya, na ci tuwon gidanshi ba adadi, shi ya tsaya aka ɗauke ni aiki. Malam nake ce mishi, kuma ban taɓa zama a buronshi, wato ofishinshi, ba sai ya nuna mini kujera. Da wani can ne ya yi mini abin da ya yi, wallahi ko a jikina.

Abin ya samo asali ranar da wasu baƙi suka zo daga ƙetare, masu son jin yadda itatuwa suka dawo gonakin Agiye da Gazawa. Aka tara mu, Shef ya miƙe yana jawabi, ya ce manoman nan a da duk tsiron da suka gani sarewa suke yi, mu masu ilimi muka koya musu barin itace a gona. Ni kuwa, da bakin nan nawa da kuka sani, sai na ɗaga hannu.

"Malam, a gafarce ni," na ce. "Ubana yana barin gawo a gonarshi tun ban san hanyar makarantar lakol ba. Cewa yake geron gindin gawo ya fi na ko'ina."

Baƙi suka yi dariya, suka juyo da kujerunsu wajena, tambaya kan tambaya har aka tashi. Shef ma ya yi dariya, har da dafa mini kafaɗa. Na dawo gida ina ta fara'a, wawan Allah, na kwashe labari na gaya wa uwarku. Tana tankaɗe, ta ajiye rariya.

"Gaban mutane ka gyara mishi?"

"Gaskiya na faɗa, Hadiza."

"Ban ce ka yi ƙarya ba. Cewa na yi, gaban mutane?"

Ta fi ni gaskiya. Duk ɗan da aka yi wa tarbiyya ya san ba a gyara wa babba zance cikin taro, balle wanda ya ciyar da kai. Wannan laifina ne, na ɗauka, ban raba shi da kowa ba. Da ya kira ni buro ya wanke ni tas, da na durƙusa na ba shi haƙuri an wuce wurin. Bai kira ni ba, bai ɗaure fuska ba, kullum sai ya tambayi lafiyarku ɗaya bayan ɗaya.

Sati biyu da yin haka ya tare ni a baranda, mu biyu kaɗai, ya ce an maida karatuna na Litinin ƙarfe goma. Na zo ƙarfe goma na tarar ɗalibai sun jira tun takwas sun watse. Na same shi, ya dube ni da tausayi.

"Sani, ni na ce maka goma? Takwas na ce. Ba komai, gajiya ce, kowa na mantuwa."

Na ba shi haƙuri, na tafi ina zargin kunnena. Bayan nan wani malami ya tafi ƙaro karatu, Shef ya roƙe ni in riƙe ajin malamin, sai kuma aka ƙara mini na wata da ta haihu. Na zama ina ɗauke da kayan mutum uku, daga wannan aji in ruga wancan, takardun gyara har kan tabarmar sallata. Da aka zo taron malamai sai na ji shi yana cewa, cikin raha, Sani ba ya son kowa ya taɓa komai, na hana shi kwasar aji bai ji ba. Aka yi dariya, ni ma na yi, ina tambayar kaina ko dai ni na nema na manta. Sakamakon jarrabawa na kai mishi hannu da hannu, ya ce bai gani ba, aka yi kwana uku ana nema, aka tsince shi cikin akwatin wasiƙuna. Amma wadda ta karya ni ita ce ranar da ya rufe ƙofar buro ya sassauta murya.

"Yara sun zo mini da kuka. Sun ce ba su gane karatunka. Kana maimaita abu ɗaya, kana zamewa cikin Hausa kamar mai wa'azi a kasuwa. Na dai rufa maka asiri."

"Su wane ne, Malam?"

"Haba, Sani. So kake in tona yara?"

Ku da ba ku taɓa tsayawa gaban aji ba, ba za ku san abin da wannan magana ke yi wa malami ba. Ni da nake shiga aji ba takarda, sai gwangwanaye cike da ƙasa, in zuba wa yaro a tafin hannu in ce murza ka gaya mini daga ina ta fito, sai ga ni ina rubuta kowace kalma ina karantawa kai a sunkuye. In yara biyu suka yi raɗa a baya, da ni suke. In wani ya yi hamma, shi ne ya kai ƙarata. Na daina kawo gwangwanaye, na daina sa Hausa ko da kalma ɗaya, karatun ya zama lami, yara suka fara ƙin zuwa da gaske. Abin da aka ƙaga mini ya zama gaskiya da hannuna. A gida kuwa tuwo ya daina yi mini daɗi, in fita in dawo in taɓa ƙofa sau biyu, in tambayi uwarku yau Talata ce ko Laraba. Abdu, marin da na yi maka a kan ƙwallon da ta faɗa cikin randa, ba kai na mara ba, kuma ban taɓa neman gafararka ba. Ka yafe mini.

Ranar da igiya ta tsinke, da hantsi ne, a amfi, babban ɗakin karatun nan mai hawa-hawa. Ina cikin karanta takardata wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu, ta kira ni yadda suke kiran malami da Faransanci.

"Mushe, don Allah, me ya sa ƙasar jigawa ba ta riƙe ruwa?"

Tambayar da ko daga barci aka tashe ni zan amsa. Na buɗe baki, sai na ji muryar Shef cikin kaina tana cewa ka tabbata, ko ka manta? Na tsaya da alli a hannu. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Na ajiye alli na fita, na zagaya bayan gini na zauna kan wani bulo na yi kuka. Eh, ubanku ya yi kuka da gemunshi, da rana tsaka, ba na ɓoye muku. Washegari Shef ya zo gida duba ni da ledar lemu, ya ja uwarku gefe, amma ya ɗaga murya yadda matan da suka shigo gaisuwa za su ji.

"Madam, a dage da addu'a, a nemi magani. Abin a kai yake."

Nana, daga nan maƙwabta suka samo labarin da kika gada. Likita dai ya auna ni ya ce hawan jini ne da gajiya, ya ba ni hutun wata ɗaya. Ni kuwa na zauna na rubuta takardar barin aiki, na ninke na sa aljihu. Na yarda na ƙare. Uwarku ta karanta, ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba.

"Ba na hana ka," ta ce. "Amma Inna ta sayar da awakinta ka yi lakol. Kai mata ta ji da kunnenta kafin ka kai buro."

Haka na hau mota ta Agiye, na sauka Gazawa, na ƙarasa Gangara ƙarshen bazara, ana ta duban gabas ana jiran ruwan shuka. Kakarku Inna ta tsufa lokacin, ido ya tafi, amma baki na nan da kaifinshi. Ta shafa fuskata da hannu biyu.

"Ɗan lakol, ina ka bar naman fuskarka? Korar ka aka yi, ko matarka ta daina dahuwa?"

Ban samu na fito da takardata ba, don na tarar da gidan a hargitse. Yayana Lawali, wanda ke riƙe da gonar Babanmu, ya yi kwana da kwanaki ba ya cin abinci saboda rigimar iyaka da maƙwabcinmu Nomau. Ku 'yan birni ne, bari in gaya muku. A wajenmu ba a gina katanga tsakanin gona da gona, gamba ake dasawa, doguwar ciyawar nan da ake saƙa zana da ita, gindi-gindi a jere, ita ce iyaka. To Nomau ya gano gamba ba ta da baki. Kowace shekara in an yi ruwan farko sai ya tumɓuke ta ya matsa da ita kunya ɗaya cikin gonarmu. Kunya ɗaya ba ta ganuwa, amma shekara da shekaru sun taru.

"Ni dai na san gawon nan na yamma cikin gonarmu yake, da tazara," in ji Yaya Lawali, yana zaune ya rafka tagumi. "Yanzu ga gamba a gindinshi. Na yi magana, Nomau ya ce tun zamanin iyaye haka take, tsufa ne ya kama ni. Kullum da dariyarshi, har goro yake ba ni. Sani, har na fara cewa ko ni ne."

Da na ji "ko ni ne" ɗin nan sai na ji kamar daga bakina ya fito. Na dubi yayana, ƙato mai noma dame ɗari, an maida shi yana shakkar idonshi. Inna kuwa, da yake Yaya ɗan farinta ne ba ta kama sunanshi, sai ta buga sandarta a ƙasa.

"Ku ji mini wanga mai farin kai! Ubanku bai taɓa yarda da gamba ita ɗai ba. Ranar da ya dasa ta, ƙarƙashin kowane gindi sai da ya binne gawayi da tsingaron tukunya, zurfin kamu biyu. Ni na ɗauko mishi gawayin cikin ƙwarya, ina da cikin wanga ɗan lakol. Gawayi ba ya ruɓa."

"To a ina, Inna?" in ji Yaya. "Gona guda za mu tone?"

"Ni ke da ido? Ga wanda aka kwashe shekara ashirin ana koya mishi ƙasa. Shi tahi shi nemo."

Na ce, "Inna, ni kaina ba daidai yake ba. Abin da ya kawo ni ke nan."

"Wa ya ce?"

"Malamina."

"Shi ya haife ka? To ni da na haife ka ban ce ba. Gobe ka tahi gona."

Da safe muka fita, ni da Yaya da Maigari da dattawa uku, Nomau na biye yana taunar goro. Aka kira Arɗo Buba ya zama shaida, Bafillacen da shanunsu ke kwana gonarmu kowace rani tun zamanin ubanshi, su ci kara su bar mana taki. Ni dai na bi su ne don kada Inna ta ci mini mutunci, ba ni da wata dabara a raina. Da muka isa gindin gawo na tsuguna na ɗebi ƙasa ina murzawa, don hannuna ya saba, ba don komai ba. Sai wata tambaya ta faɗo mini.

"Arɗo, shanunku sun taɓa kwana gonar Nomau?"

"Kai, Kaɗo!" in ji shi, yana dariya. "Wannan ko kara ɗaya ba ya bari, ɗaurewa yake ya kai gida. Nagge ba ta kwana inda babu abinci. Ni da ubana, ko sau ɗaya."

Na ce wa Yaya ya kawo hauya da shebur. Na ja layi da ƙafa daga cikin gonarmu, ya ratsa gamba ya shiga wajen Nomau, na ce a tona siririn rami bisa layin, zurfin gwiwa. A gefenmu, ƙarƙashin farin rairayi, ga ƙasa mai duhu, kaurin taƙi ɗaya. Aka wuce gamba, sama fari fat, amma ƙarƙashi duhun nan bai yanke ba. Ban san lokacin da na tuɓe takalmi na faɗa ramin ba. Na kankare bangon rami da wuƙar Arɗo na ce Maigari ya matso ya gani. Na ce wannan duhun kashin shanu ne na shekara arba'in, gara ta ja shi ƙasa, ruwa ya bi da shi, kuma ko an daina zuba taki sama ce kawai ke yin fari, ƙarƙashi ba ta saurin sakin abin da ta ci. Na zuba wa Maigari a tafin hannu na ce ya tofa yawu ya murza, na zuba mishi fara ita ma ya murza, ɗaya ta dunƙule ɗaya ta watse. Masu wucewa kasuwa suka tsaya, masu sassabe suka ajiye gatari, aka kewaye ramin. Wannan ya yi tambaya in amsa, wancan ya yi gardama in sa mishi ƙasa a hannu. Wata mata da ta kawo wa mijinta fura ta ce, shi ya sa ke nan wanga gefe ke daɗewa da laima, jigawa kuwa yau ruwa gobe ƙura? Na ce yawwa, na kwashe mata bayani tun daga girman ƙwayar rairayi har yadda taki ke riƙe ruwa. Sai da na gama na tuna ita ce tambayar da ta kore ni daga amfi.

Taku goma sha biyu cikin abin da Nomau ke kira gonarshi, duhun ya sirance ya ƙare. Na soka sanda na ce a tona nan, kamu biyu. Yaya ya tona, ya tona, ba komai sai farin rairayi. Nomau ya tofar da goro ya ƙyalƙyale.

"Maigari, ai an ce daga birni ba shi da lafiya aka kawo shi. A bar bawan Allah ya huta."

Muryar Shef ta dawo tana tambayata ko na tabbata. Saura kaɗan in fito daga ramin in ba kowa haƙuri, yadda na saba. Amma ƙasar tana gabana, ina ganinta da idona, kuma ba ni kaɗai ke ganinta ba. Na sake tsugunawa na bi duhun da yatsa. Sai na ga inda yake da cikakken kauri da inda ya fara sirancewa, na ce kai, Sani, saniya ta san iyaka ne? Ai in ta kwanta bakin gona kashinta kan tsallaka. Na ja baya taku biyu, zuwa inda kaurin ya fara raguwa.

"Yaya, nan. Ka bi layin nan kudu da arewa."

Bai yi kamu uku bisa layin ba muka ji hauya ta ce ƙwas. Ya sa hannu ya zaro tsingaron tukunya, bayanshi gawayi, baƙi ƙirin, kamar jiya aka ɗebo shi daga murhu. Arɗo ya yi kabbara, mata suka rangaɗa guɗa, Yaya Lawali ya zauna daɓas cikin rairayi yana dariya hawaye na zuba. Aka bi layin aka tono na biyu da na uku. Nomau ya ce to, wataƙila yara ne suka dasa gambar ba daidai ba, Maigari ya ce to yaran su zo su maida ta yau ɗin nan. Da muka koma gida na sa wa Inna gawayin a hannu. Ta shinshina, ta daɗe tana juya shi, sannan ta juya wajen Yaya.

"Tun yaushe yake surutu cikin ramin?"

"Tun hantsi har aka kira azahar."

"Da takarda?"

"Ko ɗaya."

"To mahaukacin ga ya iya karatu," in ji ta. "A ba shi fura."

Ban taɓa nuna mata takardar barin aikin ba. Da la'asar, da za a maida gamba wurinta, na koma gona, na tsuguna bakin ramin farko na maida gawayin Baba, na zaro takardar daga aljihu na sa a ƙarƙashinshi, na tura ƙasa da hannuna. Kwana biyu bayan nan ruwan shuka ya sauka, na yi shuka tare da su, na ci tuwo har ina neman ƙari.

Da hutuna ya ƙare na biya kasuwa na sayi kaye, littafin rubutu mai baƙin bango, na wuce buron Shef, na tabbata sakatare tana zaune kuma ƙofa a buɗe take. Na gaishe shi da ladabi kamar kullum.

"Malam, kun yi gaskiya, mantuwa gare ni. Shi ya sa na sayo wannan. Daga yau duk abin da kuka umarce ni sai in rubuta nan take, ku sa mini hannu, don kada in sake ba ku kunya."

"Haba, Sani. Tsakanina da kai sai an yi rubutu?"

"Likita ne ya ce, Malam."

Likita bai ce ba, Allah ya yafe mini. Amma ina zai bi? Shi da bakinshi ya shaida wa duniya kaina ya taɓu, ba ya hana marar lafiya maganinshi gaban sakatare. Ya ɗauki bik, abin rubutunshi, ya sa hannu, ya daɗe yana kallona, ni ma ban sunkuyar da kai ba. To ku ji ikon Allah, daga ranar mantuwata ta warke. Shekara ta ƙare ban ɓata awa ɗaya ba, takarda ɗaya ba ta ɓace ba.

Daga nan na koma amfi. Na shiga da gwangwani biyu, ɗaya ƙasar gonarmu ɗaya ta Nomau, na bar takarda a gida. Na nemo yarinyar nan a layin gaba na ce, ɗiyata, kin yi mini tambaya ban amsa ba, miƙo hannunki. Na yi Faransanci inda ya dace, inda ya cije na zuba Hausa, ba wanda ya mutu. Da lokaci ya cika ba wanda ya tashi, sai da malamin da ke bayana ya ƙwanƙwasa ƙofa.

A taron ƙarshen shekara Shef ya sake gwadawa. Ya ce cikin alhini, har yanzu yara na kawo kuka a kan wani malami, ba zai kama suna ba. Na miƙe.

"Malam, in ni ne, a kira wakilan aji yanzu su faɗa gaban kowa. In sun ce ba su gane karatuna, yau zan ajiye alli."

Sai wata ƙaramar malama, Madam Barira, wadda ban taɓa jin muryarta a taro ba, ta miƙe tana riƙe da bakin tebur.

"Ni ma haka ake gaya mini, shekara biyu ke nan. Na ɗauka ni kaɗai ce."

Wani ya ce shi ma, sai wani. Ashe mu huɗu ne, kowa na ɓoye nashi ciwo yana tsammanin shi ne ya lalace. Ba a kira wakilan aji ba, ba a kuma sake ta da zancen ba. Da aka zo zaɓen shugaban sashe malamai suka ba wani, a sati na gaba kuma na ga Madam Barira da nata kaye.

Kada ku ce abin ya tafi a banza. Shef yana da mutane a sama, takarduna na ƙarin girma suka yi ta barci a inda suke, har na yi ritaya ba a kira ni farfesa ba, yaran da na koyar suka wuce ni. Wannan bai dame ni ba kamar rashin mutumin. Na yi kewar shi, na yi kewar tuwon gidanshi. Wata sallah na shirya na tafi har gida, na durƙusa na ce Malam, na zo neman gafara a kan gyaran da na yi muku gaban baƙi, ban kyauta ba. Ya dube ni da murmushin nan nashi.

"Wane gyara, Sani? Ban tuna an yi haka ba. Ka tabbata ba mafarki ka yi ba?"

Na ce na tabbata, Malam. Na yi mishi sallama na fito, ina tafe ina dariya ni kaɗai har masu babur na waiwayena. Ranar da ya rasu ina cikin waɗanda suka ɗauki makara, kuma na yi mishi addu'a da zuciya ɗaya.

Shekara goma sha ɗaya na ƙara ina koyarwa, kuma kowace shekara sai na cika mota da ɗalibai na kai su Gangara sun shiga rami a gonar kakanku. To Nana, ga maganin da aka yi mini a ƙauye, sai ki koma ki gyara wa ƙanwar mijinki zance, amma ki ja ta gefe, kada ki yi gaban mutane. Gonar nan kuwa taku ce bayan ni da Yaya. In wata rana wani ya zo da fara'a da goro ya ce muku ba nan iyaka take ba, ku kuka manta, kada ku tsaya musu da shi. Ku ɗauki hauya ku je gindin gamba na farko yamma da gawo, ku tona kamu biyu. Takardar da na sa a wurin gara ta cinye ta tuntuni. Gawayin yana nan.